Karnukan gadi sun daina cin tuwo, tsoka kuma ta yi tsada: me za a haɗa musu?

Tambaya: Ina da karnukan gadi uku a gona, kowanne zai kai kilo 25. Da ina saya musu abincin kare na buhu, da ya yi tsada sai na koma tuƙa musu tuwon masara da ragowar miyar gida. Yanzu sai su sunsuna su juya, har sun fara ramewa. Wane abu mai araha zan sa a madadin tsoka, wanda zai gina musu jiki kuma su ci da marmari?

Amsa:

Malam, kafin ka taɓa tukunya, ɗaga leɓen kowannensu ka dubi dasashinsa. Idan ya yi fari fat ko ya yi ruwan ɗorawa, ko kuma kana ganin kaska a kunnuwa da tsakanin yatsu, to ba girki ne matsalar farko ba. Zazzaɓin da kaska ke kawowa da tsutsar ciki suna cikin manyan abubuwan da ke kashe wa kare sha'awar abinci a ƙasarmu. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin 38 zuwa 39.2 a ma'aunin Selsiyos. Babban karen da ya ƙi ci kwana biyu cur, ko ɗan kwikwiyon da ya ƙi ci yini guda, likitan dabbobi yake buƙata. Idan dasashi ja ne mai kyau, suna haushi suna zagaye kamar kullum, sai mu koma kan kwano.

Ragowar miyar nan ka dakatar da ita daga yau. Kusan duk miyar gida akwai albasa a ciki, wani lokaci da tafarnuwa, kuma dukansu suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ɗanyu ne ko dafaffu. Illar tana taruwa a hankali, kare ya riƙa yin kasala, fitsarinsa ya yi duhu, mai shi bai san daga ina ba. Ga gishiri da dunƙulen ɗanɗano da barkono, babu wanda kare ke buƙata a yawan da muke zubawa.

Da hanci kare yake cin abinci. Ƙwayoyin ɗanɗano a harshensa wajen 1,700 ne, na mutum kuwa wajen 9,000. A hanci kuma abin ya juya: kare yana da ƙwayoyin jin ƙamshi sama da miliyan 200, mutum bai wuce miliyan 5 zuwa 6 ba. Tuwon masara da ya huce kusan ba shi da wani ƙamshi da zai kira shi. Kamfanonin da ke yin abincin buhu sun san haka. Yawancin ƙwayar abincin hatsi ne da garin nama da na waken suya, amma bayan an gasa ta an busar, sai a fesa mata narkakken kitse, a bi da wani ruwa ko gari da aka yi daga hanta da kayan cikin kaji. Wannan ɗan shafen na waje, wanda ƙanƙani ne a nauyin buhun, shi ke sa kare ya ruga. To kai ma haka za ka yi: abin da zai cika ciki ya zama mai araha, furotin, wato sinadarin da ke gina jiki, ya fito daga kayan kwata da na shuka a haɗe, ƙamshin kuma ka ɗora shi a sama, a ƙarshe, da ɗuminsa.

Kwata ita ce wurin farko. Huhu yana da furotin wajen kashi 16 cikin 100, saifa da zuciya wajen 17 zuwa 18, hanta wajen 20, tumbi wajen 12. Tsoka kanta ba ta wuce 20 zuwa 22 ba, ka ga ratar ba ta kai bambancin kuɗinsu ba. A wajen masu gyaran kaji kuma akwai ƙundu, wanda ya kai 18, da zuciya da hanta. Kai da ƙafafun kaji suna ba da romo mai kyau ƙwarai, amma kada ka lissafa su a matsayin nama, domin yawancinsu fata ne da jijiya, irin furotin da bai cika ba. Ganda ma haka take, ga kuma wadda ake babbakewa da taya. Tumbi kuwa, kada a wanke shi ya yi fari tas kamar na miyar mutane. A zubar da abin ciki, a ɗauraye sau biyu, a bar shi da duhunsa, domin warin da mu ke gudu shi ne kare ke so.

Duk abin da ya fito daga kwata sai an dafa shi, kuma a nan ba na sassautawa. A huhu da hantar tumaki, shanu da raƙuma ana samun wasu ƙulluttuka masu ruwa a ciki. Ƙwayoyin wata ƙaramar tsila ce. Idan kare ya ci ɗanye, tsilar ta girma a hanjinsa, shi ba ya nuna alamar komai, amma ƙwanta yana fita a kashinsa ya manne a gashinsa da ƙasar gona da ganyen lambu. Mutumin da ya haɗiye ƙwan, musamman yaro, irin wannan ƙullutun ne zai tsiro masa a hanta ko huhu, ya yi shekaru yana girma, sau da yawa sai an yi masa tiyata. Saboda haka ka yanka kayan ƙanana, kamar girman ƙwan kaza, su tafasa sosai na aƙalla minti 30 daga lokacin da ruwa ya fara tafasa. Wanda ka ga ƙullutu a jikinsa kada ka yanke wurin ka yi amfani da saura, ka binne shi da zurfi ko ka ƙone. Karnukan kuma a ba su maganin tsutsa mai ɗauke da praziquantel duk wata uku.

Akwai abubuwa uku da mahauci zai iya ba ka kyauta, ka ƙi karɓa. Mushe, ko dabbar da aka yanka tana gargara ba a san ciwonta ba: a 2023 an tabbatar da antaraks, wata muguwar cutar dabbobi da ke kama mutum, a wata gona a Suleja, kuma irin wannan cutar tana kama mai fiɗa kafin ta kai ga kare. Matattun kaji daga gidan gona, saboda murar tsuntsaye da gubar da ke samuwa a ruɓaɓɓen nama. Sai maƙogwaron saniya da naman da ke manne da shi. A nan gaɓar da ke kumbura ta zama maƙoƙo take, kuma dafuwa ba ta kashe sinadarinta. Karen da ke cin sa kullum zai riƙa ci kamar me yana ramewa, yana haki, yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa.

Hanta ita ce sarauniyar ƙamshi, amma kada ta wuce kashi 5 cikin 100 na abincin, wato kamar gram 30 a rana ga karenka. Fiye da haka tana kawo zawo, idan aka daɗe kuma bitamin A ya yi yawa ya taɓa ƙashi da gaɓoɓi. Jini kuwa tun da mu ba ma ci, kusan kyauta ake samunsa, kuma furotin ɗinsa ya kai kashi 17. A tara shi a roba mai tsabta lokacin yanka, a dafa har ya daskare ya yi tauri har ciki, a yayyanka. Gram 50 sau biyu ko uku a mako ya isa. Zai sa kashi ya yi baƙi, idan ya yi yawa ya sa gudawa.

Waken suya shi ne mafi kyawun abin da za ka samu daga shuka. Busasshensa yana da furotin kashi 36 zuwa 40, da mai wajen 18 zuwa 20. Mutane da yawa sun gwada sun ce kare ba ya ci, ko yana kumbura masa ciki, kuma kusan kullum laifin sarrafawa ne. Ɗanyen waken yana ɗauke da sinadarin da ke hana hanji narkar da furotin, sai zafi ke karya shi. Yana da wasu nau'o'in sukari da kare ba ya narkarwa, su ke kawo iska da tusa. Gafin da ke korar kare kuma yana tashi ne idan aka fasa ɗanyen wake a cikin ruwan sanyi. Don haka a jiƙa shi da ɗaiɗaikunsa awa 8 zuwa 12, a murza ɓawon ya fita, a zubar da ruwan jiƙon, a zuba shi cikin ruwan da ya riga ya tafasa, ya dahu minti 30 zuwa 45, ko har ƙwaya ta murƙushe tsakanin yatsu biyu. A tsiyaye wannan ruwan ma, sannan a daka ko a markaɗa. Kada a markaɗa kafin a dafa. Idan ba ka da firji, soya shi a busasshen kasko da wuta kaɗan, ana juyawa, har cikin ƙwayar ya yi launin gyaɗar da aka soya, sannan a kai inji. Garin yana ajiyuwa makonni kuma ƙamshinsa ya fi na dafaffe, sai dai idan ya ƙone ya yi ƙauri ya rasa wani ɓangare na amfaninsa. Dusar awara da mata ke zubarwa ana iya ƙarawa, amma yawancinta ruwa ne da ɓawo, furotin ɗinta bai wuce kashi 4 zuwa 5 ba, kuma ita ma sai an dafa ta a ranar da aka karɓo. Farin wake yana yi, da furotin kashi 23 zuwa 25, amma shi ma yana kawo iska. Ko wanne ka zaɓa, kada na wake ya wuce kashi ɗaya cikin uku na furotin ɗin kwanon.

Ƙuli-ƙuli da tunkuza su ne kowa ke fara tunawa, domin furotin ɗinsu ya kai kashi 45 kuma karnuka suna son ƙamshin. Ni ina sa su a ƙarshen layi. Gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba tana yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin, kuma kare yana cikin dabbobin da wannan guba ta fi saurin lalata wa hanta. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta, sau da yawa ido ma ba ya ganinta. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021 an janye wani abincin kare daga kasuwa a Amurka bayan karnuka sama da 100 sun mutu, kuma daga masarar da aka yi abincin gubar ta fito. Wannan ya shafi buhun masararka kai tsaye. Kada ka sayi ruɓaɓɓiyar masara ko tsakin da ya sha damshi don wai na kare ne. Idan za ka ba da tunkuza, ka karɓa daga mai matsar man da ka ga gyaɗarta da idonka, tsintacciya, ba yaji ba gishiri, kuma kada ta wuce gram 20 zuwa 25, sau biyu a mako. Kare ya fara amai, ya yi laushi, idonsa ya yi shawara, to a tsayar da duk abincin a tafi asibiti da samfurinsa.

Kifi ɗan kaɗan yana yin aikin da kilo guda na wake ba zai yi ba wajen jawo kare. Ɓurɓushin busasshen kifi da ke taruwa a ƙasan kwali, da kawunan banda, ana sayar da su da araha, kuma garinsu yana da furotin kashi 55 zuwa 65. A daka su lukui a tankaɗe don ƙaya. A sunsuna kafin a saya, domin wasu 'yan kasuwa suna fesa maganin ƙwari a kan busasshen kifi. Ɗanyen kifi kuwa a dafa shi, saboda wasu nau'o'in suna da sinadarin da ke lalata bitamin B1. Fasassun ƙwai na gidan gona ma suna da kyau idan na ranar ne. Ƙwai ɗaya yana ba da gram 6 na furotin mafi inganci, biyu za su maye gurbin kamar gram 75 na kayan ciki. A dafa su su yi tauri, domin ɗanyen farin ƙwai yana hana jiki amfana da bitamin biyotin. Ɓawon kuma kada ka yar.

Fara, lokacin da ta yi yawa a kasuwa, fiye da rabin nauyin busasshiyarta furotin ne. Nemi wadda ba a sa wa yaji da gishiri ba, cire ƙafafun baya masu ƙaya da fukafukai, daka ta, ka sa gram 20 a madadin kifi. Sai ka tabbata ba wadda aka tsinto bayan feshi ba ce. Tsutsar ƙudan soja da masu kiwon kifi da kaji suka fara nomawa ita ma tana yi, busasshiyarta wajen kashi 40 furotin ce, kuma tun 2021 ƙungiyar AAFCO da ke tsara ma'aunin abincin dabbobi a Amurka ta amince a sa ta a abincin manyan karnuka.

Ita AAFCO ɗin ta sa mafi ƙarancin furotin ga babban kare a kashi 18 cikin 100 na abinci idan an cire ruwansa. Masara tana da 8 zuwa 9 kawai, shi ya sa naka ke ramewa ko da sun cinye kwanon. Kare mai kilo 25 da ke zagaye da dare yana buƙatar kalori wajen 1,250 zuwa 1,300 a rana. Ga haɗin da zai ba shi haka, duk a auna kafin a dafa: garin masara ko dawa ko tsakin shinkafa gram 180, gaurayen huhu, tumbi, saifa da zuciya gram 250, hanta gram 30, busasshen waken suya gram 40, garin kifi gram 15, kabewa ko dankalin Hausa gram 100, mai ko kakide babban cokali ɗaya, garin ɓawon ƙwai ƙaramin cokali ɗaya a shafe, da ɗan gishiri mai aidin abin da yatsu biyu za su ɗauka. Wannan zai ba da furotin wajen gram 85. Na karnuka uku a mako, kana neman masara kusan kilo 4, kayan ciki kilo 5 da kwata, hanta gram 630, waken suya gram 840.

Ɓawon ƙwan nan ba ado ba ne. Nama da hatsi da wake duk suna da fosfaras da yawa amma kalsiyam kaɗan, kuma kare yana buƙatar kalsiyam ya yi daidai da fosfaras ko ya ɗan fi shi. Idan ya rasa, jiki yana zarar sa daga ƙashi. A wanke ɓawon, a tafasa minti 10, a shanya ya bushe ƙayau, a daka har ya zama kamar hoda. Ɓawon ƙwai guda ya ishi kare ɗaya a rana. Kada ka ce za ka ba da dafaffen ƙashi a madadinsa, musamman na kaza, domin yana tsagewa ya yi tsini ya huda hanji.

Yadda ake haɗawa shi ne inda marmarin yake. Dafa kayan cikin a ruwa mai yawa, ka tsame su. Raba romon biyu. Da rabi za ka tuƙa masarar, tare da waken suya da kabewa, kuma ka bar ta ta dahu sosai, minti 25 zuwa 30, ta yi laushi kamar fate mai kauri. Tuwon da bai nuna ba yana fita a kashi kusan yadda ya shiga. Ɗayan rabin ka bar shi a wuta ya ƙone ya koma kashi ɗaya cikin uku, ya yi kauri. Hantar kuma bayan ta dahu, ka yayyanka ta ka ɗan soya a cikin cokalin man nan har gefenta ya yi ja, domin wannan jan shi ke fitar da ƙamshin gashi. Daka ta ka zuba cikin romon mai kauri. Kayan cikin a yanka su ƙanana ƙwarai, a cakuɗa su cikin faten. Idan ka bar su manya a sama, kare zai tsince su ya bar maka tuwonka. A kwano, fate a ƙasa, a yaryaɗa mai, a zuba ludayi ɗaya na romon hanta, a barbaɗa garin kifi. A miƙa masa da ɗumi, daidai yadda za ka sa yatsa ka bar shi a ciki ba ka ji zafi ba. Abincin da ya fito daga firji da sanyinsa ƙamshinsa a kulle yake.

Kitse yana ƙara daɗi, amma kada daɗin ya ja ka. Cokali ɗaya, ko biyu ga karen da ya rame ƙwarai. Kitse mai yawa a lokaci guda, irin wanda ake jibga wa karnuka bayan layya, yana kawo amai da zawo, wani lokaci da kumburi mai ciwo ƙwarai a fankiriyas, wata gaɓa ta ciki da ke taimaka wa narkar da abinci. Man da aka soya abu sau da yawa, ko kakiden da ya daɗe ya canza wari, kare zai ji shi tun kafin kai ka ji, kuma zai ƙi kwanon gaba ɗaya.

Idan wuta ba ta tsayawa a wajenku, mayar da ƙamshin gari. Dafa huhu da hanta na minti 30 ɗin nan, yanka su falle-falle kamar za a yi kilishi, shanya su a rana ƙarƙashin raga don ƙuda, ko a kan wayar gashi da garwashi kaɗan, har su riƙa karyewa. Daka, ka zuba a kwalba mai murfi. Babban cokali ɗaya a cikin ruwan zafi yana ba da romo nan take. Lokacin Babbar Sallah, da huhu ke yawa har ana rasa mai so, shi ne lokacin tara wannan garin. Dafaffen abinci kuwa kwana uku yake yi a firji, a waje kuma kada ya wuce awa biyu, lokacin bazara awa ɗaya.

Kada ka sauya musu a rana guda. Kwana biyu na farko kashi ɗaya cikin huɗu na sabon haɗi a kan tuwon da suka saba, ba miya, kwana biyu rabi, kwana biyu kashi uku, a na bakwai duka. Raba abincin yini gida biyu, da sassafe da kuma bayan magariba, domin zafin rana yana rage musu ci. Kowanne da kwanonsa, nesa da juna, in ba haka ba mai ƙarfi zai hana raunana. Ajiye kwanon minti 20 ka ɗauke, ya ci ko bai ci ba, kuma kada ka ƙara masa nama don ya ƙi, domin zai koyi cewa ƙin ci yana kawo nama. Idan kana so ka san ko kifi suka fi so ko hanta, ajiye kwano biyu masu nauyi ɗaya, bayan minti 20 ka auna ragowar, gobe ka musanya musu gefe, saboda wasu karnukan gefe ɗaya suke fara nufa kullum. Kwana huɗu zai nuna maka.

Sai ka riƙa duba kashi da haƙarƙari. Kashi mai laushi da yawan tusa na nufin wake ya yi yawa ko bai dahu ba, rage shi da rabi. Fari mai tauri kamar alli na nufin ɓawon ƙwai ya yi yawa. Haƙarƙari ya kamata ka ji su da tafin hannu ba tare da ka danna ba, amma kada a ƙirga su daga nesa. Idan bayan mako uku ana ganinsu har yanzu, ƙara kashi 10 cikin 100 na dukan haɗin, ba na tuwo kaɗai ba. Haɗin gida yakan gaza a zinki da bitamin E, don haka ka nemi likitan dabbobi ya zaɓa maka ƙwayar bitamin ta karnuka. Wannan awon na manyan karnuka ne. Kwikwiyo da karya mai ciki ko mai shayarwa suna buƙatar furotin aƙalla kashi 22.5, kuma kwikwiyon manyan jinsi irin Boerboel yawan kalsiyam yana lanƙwasa masa ƙafa kamar yadda ƙarancinsa ke yi, don haka nasu awon likita ne zai fitar da shi bisa nauyi da watanninsu.